Lissafin Maƙaloli da Abin da Ke Faruwa a Zauren Mai Ɗori

Ya zama al'ada a tarukan likitoci da bukukuwan jami'o'inmu, idan za a gabatar da babban malami, mai gabatarwa ya fara da jero adadin maƙalolin da ya wallafa a mujallun ƙetare, sannan ya faɗi sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a nasu rubuce-rubucen, ya rufe da lambar nan da ake kira ma'aunin h, jama'a kuwa su ɗauki tafi ko da mafi yawansu ba su san yadda aka samo lambar ba. Irin wannan lissafi yana da kauri ga masu bincike a kan ciwon suga da zaizayewar ƙashi, domin fannoni ne da ƙasashe masu arziki da kamfanonin magunguna suke zuba wa kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Ra'ayina shi ne lissafin gaskiya yake faɗa game da abu guda, wato yadda masu rubutu suke karanta junansu, amma mun ɗora masa nauyin da ba nasa ba, har ya kai ga shi ne yake zaɓar wa likitocinmu tambayar da za su bincika, kuma tambayoyin ƙauyukan Kano da Jigawa su ne kullum suke faɗuwa a wannan zaɓe.

Wanda ya assasa ƙidayar ambato wani Ba'amurke ne mai suna Eugene Garfield, wanda ya kawo shawarar a 1955, ya fitar da kundinsa na farko a 1964, kuma ma'aunin darajar mujallu da ya biyo baya an yi shi ne domin masu kula da ɗakunan karatu su san mujallar da ta cancanci a kashe mata kuɗi. Ma'aunin h kuwa wani masanin kimiyyar fiziks ne a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma lissafinsa ba shi da wuya: wanda aka ce lambarsa 20 ce, yana da maƙaloli 20 waɗanda kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20. Babu inda lambar take tambayar ko an ambaci maƙalar ne don yabo ko don a ƙaryata ta, ko marubucin ne yake ambaton kansa da abokansa, balle ta tambayi ko wani mara lafiya ya samu sauƙi saboda ita. Duk da haka a yau ƙarin girma daga lakcara zuwa farfesa a jami'o'inmu ya rataya ne a kan yawan maƙaloli da kuma ko mujallar tana cikin Scopus, wani babban kundin mujallu da ƙidayar ambato, su ma jami'o'in ana jera su a duniya da ma'aunin da ambato yake da babban kaso a cikinsa.

Wanda yake ambato shi ne wanda yake rubutu, masu rubutu kuwa sun fi yawa a Amurka da Turai da Sin. Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne suke da cutar, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna ɗauke da ita ba. Likitan da ya saka sunansa a gwajin wani sabon magani mai tsada da ake yi a ƙasashe da dama zai tara ambato ɗaruruwa cikin 'yan shekaru, ko da maganin ba zai taɓa shiga kantin magani na Gwaram ko Sumaila ba. Wanda kuwa ya shafe damina biyu yana bin gidajen manoma domin ya gano dalilin da ya sa suke daina shan maganin suga na metformin da zarar an fara huɗa, zai yi sa'a idan mutane kaɗan suka waiwayi aikinsa. Auna mai bincike da ambato kaɗai tamkar a ƙidaya dillalan da suka taya sa ne a kasuwar Maigatari, a ce yawansu shi ne ƙarfin huɗarsa. Ga kuma kuɗin wallafa, wanda a wasu manyan mujallu yake kaiwa dubban daloli, abin da ya tura matasan malamanmu da dama hannun mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga ko mene ne ba tare da tantancewa ba.

Tarihin ciwon suga a Afirka ya riga ya nuna inda wannan tsari yake kai mutane. A 1968 Farfesa Kwaku Adadevoh, wanda yake aiki a Ibadan a lokacin, kuma mahaifin Dakta Stella Adadevoh da ta tare cutar Ebola a Legas a 2014, ya wallafa bayanin wasu manyan 'yan Nijeriya da ake kawowa asibiti ranga-ranga da suga mai tsanani, a ɗora su a kan allurar insulin, bayan makonni ko watanni kuma a tarar ba sa buƙatarta. Littattafan koyarwa ba su ba wa wannan bayani muhimmanci ba sai da aka ga irinsa a tsakanin baƙaƙen fata a Amurka, inda a 1994 aka laƙaba wa cutar sunan Flatbush, wata unguwa a birnin New York. Cutar da ɗan Nijeriya ya bayyana a Ibadan ta dawo mana da sunan unguwar wasu, domin can ne aka fi ambaton juna. Abin da ya fi damuna a nan shi ne, a tsakanin waɗannan shekaru, akwai marasa lafiya da aka ci gaba da yi wa allurar da ƙila sun daina buƙata, da dukan kuɗinta da hatsarin faɗuwar suga da ke tattare da ita.

Labari na biyu ya fi kusa da mu a Jigawa. Tun 1955 aka bayyana a Jamaika wani nau'in ciwon suga da yake kama matasa ramammu waɗanda suka taso cikin ƙarancin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1985, sannan ta cire shi daga jerinta a 1999 bisa dalilin cewa hujjoji ba su wadata ba, kuma sai a watan Afrilun 2025, a taron Bankok na ƙasar Thailand, Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Duniya ta sake karɓar sa da sunan nau'i na biyar. Ƙarancin hujja a irin wannan wuri yana nufin ƙarancin maƙaloli ne, ƙarancin maƙaloli kuwa yana nufin masu cutar suna zaune ne a inda babu mai rubutu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Waɗancan yara su ne samari da 'yammatan gobe, kuma idan akwai inda ya kamata a ce ana bin diddigin wannan nau'i na biyar gida-gida, to tsakanin Haɗejia da Birnin Kudu ne.

Lamarin ƙashi ya fi na suga muni, domin shi ba a ma yarda akwai shi ba. Ma'anar zaizayewar ƙashi da likitoci suke aiki da ita Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da ita a 1994, kuma an gina ta ne a kan awon matan Turawa da suka daina al'ada, da wata na'ura mai auna kaurin ƙashi da ake kira DXA, wadda ko a manyan biranenmu sai an tona. A 2008 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka fitar da FRAX, hanyar ƙiyasta hatsarin karaya cikin shekara goma, amma ita ma ba ta yin daidai sai an ciyar da ita da alƙaluman karayar ƙugu na ƙasar da ake magana a kanta. An daɗe ana koyar da cewa ƙashin baƙar fata ba ya zaizayewa, bisa wasu tsofaffin bincike da suka ƙidaya waɗanda suka isa asibiti kawai. A wurinmu kuwa tsohuwar da ta karye ba asibiti ake fara kai ta ba.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta haura sittin kuma ta jima da ciwon suga lokacin da ta zame a wurin alwala da asuba, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Ita ba ta tashi ba. Aka ɗauko mai ɗori daga ƙauyen da ke gaba da namu, dattijo mai natsuwa wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya dubi yadda ƙafar ta gajarce ta juya waje, ya ja ta a hankali yana addu'a, ya shafa maganinsa, ya ɗaure da karare da tsumma. Da ya gama ya ce mata, “Hajiya, sai haƙuri, ƙashin nan ya yi laushi. Tun shigowar sanyin nan iyayenmu mata irinki ake ta kira na a kansu.” Na ce masa, “Baba, kana rubuta su kuwa?” Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, in rubuta wa wa?” A cikin ledar magungunanta, ban da na suga, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi farare marasa kwali da take saya a kemis saboda ciwon gwiwa, waɗanda malamin asibitin sha-ka-tafi na garinmu ya duba ya ce dexamethasone ne, wani maganin rage kumburi. Daga baya hoton da aka ɗauka a birni ya nuna wuyan ƙashin cinya ne ya karye, wurin da karare ba sa kamawa, kuma ba ta sake taka ƙafar ba.

Duk abin da ya haɗu a kanta sananne ne a mujallu, an rubuta shi an kuma ambace shi sau dubbai. An san mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ba ya samar da insulin, hatsarin karayar ƙugunsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa, an san mai nau'i na biyu, wanda ya fi yawa ga manya, shi ma hatsarinsa ya ɗara, ko da na'ura ta nuna kaurin ƙashinsa daidai ne, domin suga yana ɓata ingancin ƙashin ne, ga kuma raunin gani da mutuwar jijiyoyin ƙafa da jirin faɗuwar suga, waɗanda dukkansu suke kayar da mutum. An san tun 2006 cewa maganin suga na rosiglitazone yana ƙara karaya ga mata, kuma ɗan'uwansa pioglitazone haka yake. An san dexamethasone da prednisolone, idan aka daɗe ana sha, suna tayar da suga kuma suna cin ƙashi a lokaci guda, su ne kuwa ake cusawa a haɗin ciwon jiki, su ne kuma a cikin ƙwayoyin ƙiba da 'yammata suke kira sha-ka-fashe. An san ko a ƙasashen da ake yin tiyata cikin kwana biyu, kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a ƙugu ba ya cika shekara. Akwai ma maganin zaizayewar ƙashi mai sauƙin kuɗi, alendronate, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1995, ƙwaya ɗaya a mako, a sha da safe kafin a ci komai da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe rabin sa'a. Wannan ilimi duka ya ƙara wa masu shi lamba, amma bai iso hannun mai kemis da mai ɗori da malamin asibiti ba, su ukun da Gwaggo ta dogara da su, domin babu wanda ake ba wa maki idan ya kawo shi.

Ba zan yarda da masu cewa a watsar da mujallun duniya gaba ɗaya ba, domin akwai shaida daga Arewacin Nijeriya a kan amfaninsu. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka wallafa gwajin da suka yi wa yara 123 masu lauyewar ƙafafu, gwame da ƙafar baka, a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na Amurka. Duniya ta ɗauka rashin bitamin D ne kaɗai yake kawo cutar, alhali yaran Jos cikin rana suke wuni. Binciken ya nuna sinadarin kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci, kimanin miligiram 200 kacal suke samu a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. An ambaci aikin sosai, ya shiga ƙa'idar da masana na duniya suka amince da ita a 2016, su kuma masu binciken ba su tsaya nan ba, suka gwada garin busasshen kifi da garin dutsen farar ƙasa a matsayin magani mai araha. Haka nan nazarin da Farfesa Andrew Uloko da abokansa na Kano suka fitar a 2018, wanda ya ƙiyasta kashi 5.77 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna da suga, wato kimanin mutum miliyan 11, ya zama madogara ga duk mai rubutu a kan cutar a ƙasar nan, kuma tazarar da ke tsakaninsa da miliyan 3.6 da ƙungiyar duniya ta bayar a 2021 ta isa ta nuna yadda ƙidayarmu take da rauni. Abin lura a aikin Jos shi ne tambayar daga ƙafafun yaran garin ta fito, ambato ya biyo ta daga baya. Tsarin ƙarin girma da muke da shi yanzu yana koya wa matashin likita ya fara da neman abin da za a ambata, sannan ya nemo masa marasa lafiya.

Akwai kuma hujja mai ƙarfi da masu kare lissafin suke kawowa, wadda duk wanda ya san jami'o'inmu ba zai raina ta ba. Suna cewa lamba ba ta san ɗan wane ba, ba ta san ƙabila ko ubangida ba, kuma idan aka ce kwamiti ne zai auna amfanin bincike ga al'umma, to an buɗe ƙofar wa-ka-sani. Gaskiya ne, kuma saboda haka nake ganin a bar lambar a inda take, a ƙara mata ma'auni na biyu wanda shi ma ana iya tabbatar da shi da takarda: ko aikin ya canza littafin ƙa'idojin da malaman asibitocin karkara suke bi, ko ya sa an saka wani magani a jerin da jiha take saya, ko ya samar da rajistar da wasu za su ci gaba da amfani da ita. Masu kimiyyar ƙasashen da suka ƙirƙiro lissafin ma sun fara ja da baya, domin sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012 ta nemi a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya wallafa a ciki, kuma dubban cibiyoyi da masana sun sa mata hannu. Mu ne muke ƙara riƙe abin da ƙarfi a daidai lokacin da masu shi suke sassautawa.

Tambayoyin da suke jiran mai bincike a nan suna da yawa, kuma ba ƙanana ba ne. Babban binciken farko a kan suga da azumi, wanda aka wallafa a 2004 daga ƙasashe 13, ya nuna kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu sun azumci aƙalla kwana 15, amma babu ƙasa ko ɗaya daga kudu da Sahara a cikinsa, alhali azumin wanda ke faskaren itace ko ban-ruwa a fadama cikin zafin bazarar Jigawa, ya kuma buɗe baki da koko mai suga da ƙosai, daban yake da na ma'aikacin ofis a Riyad. Gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, yana iya ba da sakamako karkatacce ga mai ƙarancin jini, a wasu na'urorin ma har ga mai ɗauke da ƙwayar sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ita. Adana insulin a garin da babu wuta wata matsala ce, kuma abin sha'awa a Dutse ne marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha, ya yaɗa dabarar randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta kawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Shi kayan miya ya yi niyyar adanawa, amma masu bincike a wasu ƙasashe masu zafi sun auna irin waɗannan tukwane sun ga suna sauke zafin insulin, kuma ya kamata a ce mu ne muka fi kowa sanin tsawon lokacin da kwalba take ɗauka a cikinsu a watan Afrilu. Sai kuma babbar tambayar ƙashi: me yake faruwa da ƙashin macen da ta taso a kan tuwo da miyar kuka, nonon shanu ya yi mata tsada, ta yi haihuwa da shayarwa a jere, sannan suga ya same ta bayan ɗaukewar al'ada?

Cibiyoyin da za su amsa waɗannan tambayoyi muna da su. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, akwai Asibitin Ƙashi na Dala, akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai kuma asusun TETFund da yake ba da kuɗin bincike. Abin da nake nema daga gare su bai fi ƙarfinsu ba. Duk wanda aka ba kuɗin jama'a ya yi bincike a kan suga ko ƙashi, a wajabta masa ya fitar da sakamakonsa da Hausa a shafi ɗaya da malamin asibiti da mai kemis za su iya karantawa, ya kuma je gidan rediyo ya yi bayaninsa, a lissafa masa wannan a takardar ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙala. Ma'aikatun lafiya na Kano da Jigawa kuma su zauna da masu ɗori ta hannun hakimai da dagatai, domin su ne suke ganin karayar da asibiti ba ya gani. A ba kowannensu littafi, ko a haɗa shi da ma'aikacin lafiyar da ke kusa, a riƙa rubuta shekarun wanda ya karye, da wurin karayar, da yadda ya faɗi, da ko yana da suga, da ƙwayoyin da yake sha, a kuma koya musu cewa ƙafar da ta gajarce ta juya waje bayan ƙaramar faɗuwa ta hoto da tiyata ce, a tura ta asibiti a ranar. Shekara biyu na irin wannan rajista a ƙananan hukumomi kaɗan za ta ba mu alƙaluman karayar ƙugu na karkarar Kano da Jigawa, waɗanda da su ne za a iya daidaita FRAX da mutanenmu, a kuma san ko alendronate ya cancanci shiga jerin magungunan asibitin sha-ka-tafi.